Ranar da Muka Bi Hadari da Babanku

Safiyya, Mu'azu, na san abin da kuka taso kuna ji a Funtuwa duk lokacin da kuka je hutu: wai ni ce na ɗauki babanku yana kwance ba lafiya, na kai shi daji ruwa ya doke shi, shi ya sa ya rasu. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa ɗauko zancen ba, don a wancan lokaci idan na buɗe baki kuka ke riga magana fitowa. Yanzu kun yi iyali, ni kuma gwiwa ta fara ƙin tashi. Gara ku ji daga bakina, tunda mu uku muka shiga motar nan, biyu sun riga mu gidan gaskiya.

Sai na fara gaya muku wane ne shi, don ku da robar oksijin a hanci kuka san shi. Babanku mutum ne da ba ya iya tafiya bai ɗaga kai sama ba. Sau da yawa nakan ja masa hannun riga don kada ya faɗa kwata. Yana ƙarami mahaifinsu ya rasu, sai yayansa, wato Baffanku Nuhu, ya riƙe shi ya zame masa uba. Ya ba ni labarin wata shekara da aka yi ruwan farko mai yawa, Baffa Nuhu ya kwashe irin da ke gidan kaf ya shuka, sai sama ta ɗauke ƙafa, tsiron ya fito ya ƙone suna kallo. Ya ce ranar ya fara ganin babban mutum yana hawaye, a bakin gona, ya juya masa baya don kada ya gani. Tun daga nan ya ƙudura sai ya san abin da ke kawo hadari da abin da ke sa shi ya fasa. Karatun nan ne ya kai shi jami'a, shi ne kuma ya kawo mu Doha, inda ya samu gurbin bincike tare da ofishin masu hasashen yanayi. Na sha yi masa tsiya cewa duk faɗin duniya ya rasa inda zai je neman ilimin ruwa sai ƙasar da ake cinye shekara ba a jiƙa takalmi ba. Sai ya yi dariya ya ce su ne da na'urorin, mu ne da ruwan, shi ɗan aike ne a tsakani. Duk farkon damina kuwa waya za ta yi ƙara, muryar Baffa Nuhu ta cika mana falo a unguwar Mesaimeer.

"Kai malamin sama, mu shuka ko mu dakata?"

"Ku dakata, Yaya. Wannan na yaudara ne, na gasken yana bayansa."

"To, in ka yi ƙarya kai za ka ci da gidan nan bana."

Sai korona ta zo. Aka rufe makarantu da masallatai, titunan Doha suka yi tsit, ba mai fita sai da takunkumi da wayar da ke nuna launin kore, shaidar ba ka ɗauke da cutar. Muka yi azumi mu kaɗai, muka yi sallar Idi a falo, babanku na liman, ni da ke Safiyya a baya, Mu'azu na rarrafe yana ja masa ƙafar wando. Bayan sallah da kaɗan zazzaɓi ya kama shi, tari ya biyo baya. Ranar da numfashi ya fara gagararsa motar asibiti ta zo, wasu mutane da suka rufe jikinsu ruf da fararen kaya suka fitar da shi. Ko hannunsa ban samu riƙewa ba, daga taga na tsaya ina kallo. Ya daɗe a can ƙwarai, ba ziyara, sai dai wata nas mai kirki ta kanga masa waya a kunne in yi ta magana ni kaɗai. Da aka sallamo shi rabinsa ne ya dawo. Likitoci suka ce cutar ta tafi amma ta bar tabo a huhunsa, tabon da ba ya gogewa. Na'urar oksijin ta samu wuri a kusurwar ɗakinmu tana gurnani dare da rana, in za a fita kuma sai da tukunyar iska. Daga gado zuwa banɗaki sai ya huta a hanya. Wurin aikinsa sun yi mana halacci, suka bar shi yana taɓa abin da zai iya daga kan gado, har ya zo ya kasa.

Baffa Nuhu ya matsa a mayar masa da ɗan'uwansa gida. Likita ya ce tafiyar jirgi haɗari ce gare shi, kuma ko an isa lafiya, wa zai ba mu wutar da za ta riƙe na'urar nan ba yankewa? Muka zauna. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda babanku ke amsa wayar yayansa. Da ya ga kiran bidiyo ne sai ya ce in tayar da shi zaune, in sa masa hula, ya cire robar hancin ya tura ƙarƙashin matashi. Ya yi gaisuwa a gajarce, ya ce da sauƙi, ya tambayi gona. Ana kashewa sai ya kife yana neman iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Na roƙe shi ba sau ɗaya ba.

"Malam, ka gaya wa Yaya gaskiya. Yana can yana lissafin dawowarka."

"Hajara, mutumin nan ya binne uba, ya binne uwa. In na gaya masa, me zai yi daga can in ba kwana zaune ba? Bar shi ya yi nomansa."

A haka muka kai shekarar gasar ƙwallon duniya. Gari ya cika ya tumbatsa, tutoci ko'ina, baƙi kala-kala suna rera waƙa a tashoshin jirgin ƙasa, mu kuwa daga taga muke jiyo shewarsu. Ana gab da fara gasar likitansa ya kira ni gefe. Ya ce zuciyar ta gaji da tura jini cikin huhun da ya taurare, ba sauran wani magani da ba su gwada ba. Ya ce mu je gida, abin da yake so mu ba shi. Na tsaya a baranda na goge fuska kafin in koma wurinsa, amma yana ganina ya ce in zauna, ya riga ni sani, ai shi ke ɗauke da ƙirjin.

Mutum na uku a motar shi ne Alhaji Isaka, mutumin Zangon Kumasi, direban motar haya da ke zaune a unguwar Najma. A masallaci suka saba da babanku, tun da ya kwanta kuwa shi ke kai mu asibiti, ba ka kiransa ya ce yana da uzuri. Hausarsa ta Zango ba ta raba mace da namiji, ko mota ce ko ni ce, "ya zo" yake cewa, babanku ya yi ta tsokanarsa. A kwanakin gasar ba ya ko samun barcin kirki don jigilar baƙi, ya ɗaura tutar Ghana a jikin madubi. Da aka fitar da su sai ya cire ta ya ninke, ya ce khalas, ƙwallo ya ƙare, sauran wasa na masu shi ne.

Bayan haka da 'yan kwanaki abokin aikin babanku, wani Basudane mai suna Ustaz Usman, ya kira shi da safe. Ban ji me ya ce ba, na dai ga idon babanku ya yi wani haske da na manta da shi. Ya ce in ɗauko masa farar shaddarsa, yana so ya je ofis ya gaisa da mutane. Na gane sallama yake son yi musu, ban hana ba. Na miƙa ku wurin maƙwabciyarmu Basakkwata, Alhaji Isaka ya zo, muka sa keken marasa lafiya da tukunyar iska a mota, da wata ta ko-ta-kwana.

Duk shekarun da ya yi yana zuwa wurin nan, ranar na fara shiga. Ustaz Usman ya taro mu a ƙofa, shi ya karɓi keken da kansa ya tura. Wani babban ɗaki ne mai sanyi, ba hayaniya, bango guda duk alluna ne masu haske, mutane na zaune gabansu da kofunan shayi. Suna ganinsa suka miƙe. Wani ya rungume shi, wani ya sumbaci goshinsa, wata matashiya da ya koya wa aiki ta gaishe shi ta fita da sauri tana share ido da gefen mayafi. Shi kuwa hankalinsa na kan allon tsakiya. Ya ce a matsa da shi kusa, ya kamo hannuna.

"Zo ki ga kishiyarki yau. Kin ga wannan? Ƙasar ce, ga mu nan a gefen teku. Akwai na'urar da ke hango ruwa a cikin gajimare tun yana nesa, ita ke zana wannan. Kore yayyafi ne. Ruwan ɗorawa ruwa ne sosai. Ja kuwa, shi ne wanda ke sa a kwashe shanya da gudu."

Na duba, ga wani dunƙule can sama da ƙasar, gefensa kore, cikinsa ja wur, yana motsi a hankali kamar mai numfashi. Yana magana yana tsayawa ya ja iska, amma bai yarda ya yi shiru ba. Ya nuna mini cewa a gida daga gabas hadari ke tasowa, a nan kuwa ta yamma da arewa yake ɓullowa, shi ya sa shekararsa ta farko kullum ɓangaren da ba shi ba yake kallo. Suka shiga gardama da Ustaz Usman a kan inda zai sauka, suna nuna alkaluman iska, na ga mutumin da na aura ya dawo cikin keken nan. Ustaz Usman ya ce bayan azahar zai shigo arewacin ƙasar, Doha kuwa da wuya ta samu ko ɗigo. Babanku ya ƙura wa allon ido. Ustaz Usman ya dube shi, ya dube ni, ya girgiza kai.

"Na san wannan kallon, Kabiru. Ni ban ce ka je ba. Amma in ka je, kada ku shiga kwari, kada ku tsaya gindin itace."

Da muka fito wurin ajiye motoci rana na nan tas, ba alamar komai. Alhaji Isaka ya zaunar da shi a kujerar gaba, ya naɗe keken, ya tayar da mota. Babanku ya waiwayo.

"Hajara, rabona da ruwan sama ya taɓa jikina tun kafin ciwon nan. Shekaruna nake kallonsa a allo. Ki kai ni in gan shi."

Na ce masa sanyi zai kama shi, na ce tukunyar za ta iya ƙarewa a hanya, na ce asibiti na da nisa daga can. Duk ya saurara bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce ya sani, kuma in na ce a'a ba zai riƙe ni da komai ba. Alhaji Isaka ya dube ni ta madubi.

"Maman Safiyya, sitiyari yana hannuna, amma magana yana hannunki."

Ku sani ba wanda ya tilasta ni. Na tuna maganar likita, na tuna ɗakin nan da zan mayar da shi, da silin ɗin da ya haddace, da gurnanin na'ura. Na duba ma'aunin tukunyar, na duba ta biyun. Na ce mu je.

"Yalla, mu tafi," in ji Alhaji Isaka.

Muka ɗauki babbar hanyar arewa. Dogayen gine-gine suka koma baya, wani filin ƙwallo mai kama da tanti ya wuce ta gefe, sai fili fetal, tsakuwa da yashi iya ganinka. Mun yi sallar azahar a wani gidan mai, shi a zaune cikin mota. Muna tashi daga nan muka hango shi: sama ta yi baƙi ƙirin daga ƙasa har ƙololuwa, kamar an jingina dutse a ƙarshen duniya, walƙiya na tsaga cikinsa. Ba mu kaɗai ba ne ashe. Manyan motocin 'yan ƙasa na ta wuce mu, yara sun leƙo ta taga suna ihu, su ma ruwan suke bi. Wurin da muka fara isa mun makara. Kwalta a jiƙe, ruwa kwance a gefen hanya, amma hadarin ya yi gaba. Babanku ya sauke gilashi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo, ya lumshe ido. Na ce to Alhamdulillahi, ko wannan ya isa, mu juya. Ya ce a'a, wancan ya tafi, amma akwai ƙaninsa na haɗowa ta hagu, mu duba gindin gajimaren yadda ya yi lebur ya yi duhu. Alhaji Isaka ya saki kwalta ya bi wata hanyar burji, mota na tsalle, ni na rungume tukunyar iska kamar jaririya. Can babanku ya ɗaga hannu ya ce a tsaya a kan wani ɗan tudu, mu jira, shi zai same mu.

Iska ce ta fara zuwa, mai sanyi, ta kaɗa motar. Sai cida. Sai ɗigo ɗaya ya faɗo a gilashi, babba, ya fashe. Kafin mu ce wani abu ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, har ba ma jin muryar juna. Ya ce in buɗe masa ƙofa. Na fita na zagayo na buɗe, na juyo da ƙafafunsa waje, na cire masa takalmi. Ya cire hula ya miƙo kansa. Ruwa na bin fuskarsa yana shiga gemunsa, shaddar ta manne a ƙafafunsa da suka zama kamar sillen kara, shi kuwa dariya yake yi, dariyar da tari ke katsewa ta sake dawowa. Ya tara tafin hannu ya sha. Alhaji Isaka ya tsaya a cikin ruwan ya ɗaga hannu yana salati. Ni ban san lokacin da na fara kuka ba, ruwan ya rufa mini asiri.

Sai ya ce in kira masa Yaya, a bidiyo. Na ce ya bari in mayar da shi cikin mota tukuna, ya ce a'a, yanzu. Ya manta da robar da ke hancinsa, ni ma na manta. Baffa Nuhu ya ɗauka yana zaune a zaure, a can kaka ce, an gama girbi. Abin da ya gani shi ne ƙaninsa da yake zaton yana samun sauƙi, a rame, da roba a hanci, a jiƙe sharkaf a tsakiyar daji. Babanku ya ɗaga wayar sama yana cewa, "Yaya, dubi! Ruwan shuka ne, na gaske ne wannan!" Amma muryarsa ba ta da ƙarfi, ga ƙarar ruwa, ga shi Baffa Nuhu ya riga ya miƙe tsaye yana daka tsawa.

"Innalillahi! Kabiru, haka ka koma? Hajara! Kina hauka ne? Ki mayar da shi mota! Kashe min shi za ki yi?"

Sabis ya ɗauke. Wannan ne ganinsu na ƙarshe da juna.

Na mayar da shi ciki, na tuɓe masa rigar, na lulluɓe shi da bargon da ke bayan mota, Alhaji Isaka ya kunna na'urar ɗumi. Wani dattijo Balarabe da ya tsaya kusa da mu da iyalinsa ya ƙwanƙwasa gilashi ya miƙo shayi mai zafi da dabino, ya dubi babanku, ya yi masa addu'a ya koma. A hanyar dawowa muka canja tukunya. Ya yi barci kansa jingine da gilashi, barcin da ya daɗe bai samu irinsa ba. Mun shigo Doha ana kiran magariba, gari a bushe ƙamas, mutane na tururuwa zuwa kallon wasa.

Ga abin da ya biyo baya, ku riƙe shi da kyau. Bai yi zazzaɓi ba, bai yi mura ba. Kwanakin da suka biyo ya ci abinci fiye da yadda ya saba, har ya ce tuwon masara yake sha'awa da miyar kuka. Ya zaunar da ku a gado ya zana muku gajimare a takarda. Ya yi ta kiran yayansa, ba a ɗauka, don fushi ya hana. An gama gasar, baƙi sun watse, an fara sauke tutoci, sannan ƙafafunsa suka kumbura, aka kwantar da shi. Ya cika da hantsi, hannunsa a cikin nawa, da kalmar shahada a bakinsa. Na tambayi likita ƙarara ko fitar nan ce. Ya ce zuciya ce ta tsaya, kuma tun kafin fitar take hanyar tsayawa. Kwana na Allah ne. Amma da za a mayar da ni wurin ajiye motocin nan a sake tambayata, mu je zan sake cewa. Aka yi masa sutura a maƙabartar Mesaimeer, Alhaji Isaka da Ustaz Usman suka shiga kabarin suka karɓe shi.

Baffa Nuhu bai kira ni gaisuwa ba har na fita takaba. Da muka dawo gida na je Funtuwa da ku, na durƙusa a ƙofar zaurensa na gaishe shi, ya karɓe ku ya rungume yana kuka, ni kuwa ko kallo ban samu ba. Na koma Zariya gidanmu, na kama koyarwa, na riƙa tura ku hutu wurinsa don jininsa ne ku, ban da ikon raba ku. Na san abin da za ku jiyo. Safiyya, ina sane da shekarar da kika dawo kika yi mako ba ki haɗa ido da ni ba. Na zaɓi in yi shiru, don in na wanke kaina sai na ce babanku ya ɓoye wa yayansa gaskiya, shi kuwa ba ya nan balle ya faɗi dalilinsa. Kada ku riƙe Baffanku da komai. Mutum ne da aka nuna wa mutuwar ƙaninsa a cikin waya, ba shiri, ya rasa wanda zai kama sai ni.

Shekaru masu yawa bayan haka, da na ji idonsa ya tafi kuma jiki ya yi nauyi, na shirya na je duba shi ni kaɗai. Na same shi kwance a kan tabarma a inuwar ɗakinsa. Na yi sallama, ya gane muryata, ya amsa a ciki. Na zauna daga nesa. Da na ga bai kula ni ba, na fara neman takalmina. Sai ya yi gyaran murya.

"Hajara."

"Na'am, Yaya."

"Ranar nan, na ga bakinsa na motsi. Me yake ce min?"

Na gaya masa, kalma da kalma, yadda ya faɗa. Ya juya fuskarsa wajen bango. Na ga kafaɗarsa na rawa.

"Abin da ya kira ni ya gaya min ke nan," in ji shi. "Ni kuwa faɗa na yi masa."

Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban ce ya yafe min ba. Da ya samu muryarsa ta dawo sai ya ɗaga ta, ya kira uwargidansa da ke madafi.

"Ke, baƙuwa tun ɗazu a zaune. A kawo wa matar Kabiru ruwa."